Tambayoyi da Amsoshi kan Zaɓe da Rubuta Waƙoƙin Reno da na Wasannin Yara a Ƙasar Katsina da Daura

Waɗannan tambayoyi sun fito ne daga malaman firamare da ɗaliban Hausa da iyaye mata waɗanda suke taya mu tattara waƙoƙin reno da na wasannin yara a ƙasar Katsina da Daura, da nufin a haɗa su cikin kundi guda. Kusan dukkansu suna komawa ga matsala ɗaya, wato waƙa guda ce amma bakunan da suke rera ta ba su faɗin abu ɗaya, takarda kuwa ba ta da wurin ɗaukarsu duka. Matsayinmu shi ne duk abin da zai shiga kundin ya zama abin da wani mutum takamaimai ya rera da bakinsa, a wuri sananne da rana sananniya, kuma a rubuta shi yadda ya fito.

Waɗanne waƙoƙi ne kundin zai ɗauka, kuma ina iyakarsu?

Abin da muke nema shi ne duk waƙar da ake yi wa yaro, ko yaro yake yi da kansa, wadda ba a san wanda ya ƙaga ta ba. A ciki akwai waƙoƙin rarrashi da ake yi wa jariri yana goye ko yana kan cinya, da na tatata lokacin da ake koya masa tafiya, da na tafa hannu, da na gaɗa waɗanda 'yan mata suke yi a dandali, da na wasannin maza irin su ɗan akuyana da a-sha-ruwan-tsuntsaye, da 'yan gajerun waƙoƙin da suke faɗowa a tsakiyar tatsuniya, sai kuma na tashe da ake fitowa yi idan azumi ya kai goma. Waƙoƙin makaɗan fada da na fina-finai da na makarantun Islamiyya waɗanda aka san mawallafansu ba su cikin wannan aiki, ko da yara sun haddace su. Inda ake samun ruɗani shi ne waƙoƙin daka da niƙa, domin mace tana iya rera su da goyo a bayanta har yaron ya yi barci da lugudenta. Irin waɗannan muna karɓarsu idan mai rerawar da kanta ta ce da su take rarrashi.

Idan aka samu waƙa ɗaya ta hanyoyi da yawa, wace ruwaya ce ta asali?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mana, kuma amsarta ba ta yi wa mutane da yawa daɗi, domin babu ruwayar da za a nuna a ce ita ce uwa, sauran 'ya'yanta ne. Rubutacciyar waƙa tana da ranar da mawallafinta ya ajiye alƙalami, amma waƙar reno ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, saboda kowace mai reno tana gyara ta gwargwadon yaron da ke hannunta. A ɗauka, don misali kawai, waƙar da ake ce wa yaro ya yi shiru, babansa ya tafi kasuwa zai sayo masa wani abu. Mace a Kaita za ta ambaci kasuwar da mijinta yake ci, wata a Sandamu ta ce Mai'aduwa, wata ta ce Jibiya ko Charanchi. Abin da za a sayo ya zama ƙuli-ƙuli a nan, alewa a can, rake a wani wurin. Sunan yaron kuwa dole ya canja, kuma idan ya fi na baya tsawo sai a ga an jefar da wata kalma daga layin don kari ya zauna daidai. Babu wadda ta yi kuskure a cikin matan nan.

Aure shi ne babbar hanyar da waƙoƙin suke bi su yaɗu. Yarinyar da ta tashi a Daura aka kai ta Mashi tana tafiya da waƙoƙin gidansu, ta tarar da na uwar miji da na kishiyoyi, 'ya'yanta kuma su tashi da abin da ya fito daga cuɗanyar. Akwai kuma dalilin tarihi. Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, zuriyar sarakunan Haɓe na Katsina sun koma Maraɗi, inda har yau ake kiran sarkin garin Sarkin Katsina, na Daura kuma suka zauna a Zango da Baure kafin sarautar ta dawo gidansu a farkon zamanin Turawa. Iyakar da aka shata daga baya tsakanin Nijeriya da Nijar ba ta hana auratayya da cin kasuwa ba, don haka waƙar da aka ji a Ƙofar Guga cikin birnin Katsina ana iya jin 'yar'uwarta a Maraɗi ko Damagaram da kalmomin da suka ɓace a wannan ɓangaren. Wanda ya dage sai ya gano wadda ta fara zai ɓata lokacin da ya kamata ya yi amfani da shi wajen ɗaukar muryar tsofaffin da suka rage.

To, idan babu ta asali, da me ake zaɓar wadda za a sa a gaba?

Tunda shafi ba zai ɗauki ruwaya goma a jere ba tare da gajiyar da mai karatu ba, dole a fifita ɗaya a buga ta cikakkiya, sauran kuma a nuna inda suka saɓa mata a ƙasanta. Abu na farko da muke dubawa shi ne ko rera ta aka yi ko kuwa faɗin ta aka yi kamar ana shifta, domin wadda aka faɗa takan zo babu amshi, babu maimaici, an kuma miƙe kalmomin da waƙa take lanƙwasawa. Bayan wannan muna so ta fito daga bakin mutum ɗaya, ko rukunin 'yan wasa ɗaya, a zama ɗaya, daga farko har inda suka ga dama suka tsaya. Yana kuma ƙara mata daraja idan mai rerawar ta iya faɗin wurin wadda ta koya da garin da ta koya. Idan ruwayoyi biyu suka yi kunnen doki a waɗannan, sai mu ɗauki wadda aka fi ji a bakuna da yawa na yankin, mu bar baƙuwar a ƙasa tare da bayaninta.

Tsawo ba ya cikin ma'aunin. Masu tattarawa suna da son ruwaya mai layuka da yawa saboda tana cika shafi, alhali doguwar ruwaya wani lokaci waƙoƙi biyu ne ko uku mai rerawar ta sarƙa, don ta ga baƙo ya zo takanas tana so ta kyautata masa. Waƙar rarrashi takan zama layi huɗu ko biyar ne kawai ana juya su har yaro ya yi barci, kuma gajartarta ba aibi ba ce.

Me zai hana a tsinto mafi kyawun layi daga kowace ruwaya a haɗa waƙa guda cikakkiya?

Wannan shi ne abin da muka fi hanawa, kuma shi ne abin da ya fi jan hankalin mai kyakkyawar niyya. Waƙar da aka haɗa ta haka ba ta taɓa fitowa daga bakin kowa ba. Kamar a bi gidaje biyar ne a ɗebo miyar kowanne a juye a tukunya ɗaya, a ce ga miyar unguwar, alhali babu matar da za ta ɗanɗana ta ce tata ce. Illar kuma ba ta tsaya nan ba, domin da zarar an buga ta malami zai koyar da ita a aji, yara su kai ta gida su riƙa gyara wa kakanninsu, bayan shekara ashirin kuma mai bincike ya zo ya tarar da ita ko'ina ya ɗauka tsohuwar waƙa ce. Wanda yake so ya tsara waƙa don littafin 'yan aji ɗaya yana da 'yancin yin haka, amma ya rubuta a fili cewa shi ya tsara ta bisa ruwayoyin gargajiya, kada ya sa ta cikin kundin da ya ce daga bakin mutane ya ɗauko.

Ashe ruwayar tsohuwa ba ta fi ta yarinya daɗewa da inganci ba?

Sau da yawa haka ne, amma ba kullum ba. Tsohuwa mai shekara tamanin tana iya rera abin da ta ji a rediyon Kaduna tana amarya, yarinya 'yar shekara tara kuma a wani ƙauye na Batsari ta riƙe kalmar da ko kakarta ba ta san ma'anarta ba. Abin da ya fi shekarun mai rerawa amfani shi ne alamun da ke cikin waƙar kanta, kuma sunayen kuɗi suna daga cikin mafi bayyana. Wuri ya girmi kuɗin Turawa, anini da taro da sisi da sule da fam sun zo tare da su, naira ba ta shigo ba sai 1973.

Sai dai a kula, kalma ɗaya shekarun kanta kawai take faɗi, ba na waƙar duka ba. Ruwayar da ta ambaci Sarki Dikko, wanda ya yi sarautar Katsina daga 1906 zuwa 1944, tana iya girmarsa nesa ba kusa ba, domin sunan sarki mai ci yakan shiga gurbin da sunan wanda ya gabace shi ya bari, kamar yadda za a iya samun wannan layin a wani bakin da sunan Nagogo, wanda ya gaje shi har zuwa 1981, ko kuma a Daura da sunan Abdurrahman ko Bashar. Abin da muke roƙo shi ne a rubuta alamar a bayanin ƙasa, a bar hukunci a buɗe.

Wa ya fi kamata a je wurinsa, uwa ko kaka?

A je wurin duka biyun, a ƙara da 'yar reno, domin bakinsu ba ɗaya ba ne. Uwa tana jin kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, a gaban mutane ma ba ta nuna ta damu da shi, saboda haka a ruwayarta sai a ji laƙabi ko a ji an tsallake wurin sunan gaba ɗaya. Kaka kuwa abokiyar wasan jika ce, tana kiran namijin mijinta, macen kishiyarta, don haka ruwayarta takan cika da tsokana da zolaya waɗanda uwa ba za ta taɓa furtawa ba. 'Yar reno, wato yayar yaron ko wata yarinya ta gidan da aka ɗaura mata goyo, ita ce take cusa guntayen waƙoƙin dandali cikin na rarrashi. Idan aka samu waƙa ɗaya daga su ukun a gida ɗaya, wannan babbar riba ce, kuma muna buga su kusa da juna tare da faɗin dangantakar kowace da yaron.

Yaya ake yi a samu mai waƙa ta rera ta yadda take yi a gida?

Mace ce ta fi dacewa ta shiga cikin gida, namiji iyakarsa zaure sai an yi masa izini. A fara da maigida, a gaisa a tsanake, a faɗi abin da ya kawo mutum ba tare da kwana-kwana ba, a kuma nuna wayar da za a ɗauki murya da ita kafin a kunna. Abin da kusan kowa yake tararwa shi ne idan aka ce, “Gwaggo, a taimaka mana da waƙar da kuke yi wa su Baba suna ƙanana,” sai ta yi dariya ta rufe baki da gefen mayafi ta ce, “Wayyo 'yar nan, ai duk sun bi iska.” Kada a matsa mata. A bari hira ta yi nisa har a miƙo mata jika ya fara ƙananan kuka. Za a ga ta kwantar da shi a kafaɗa, tafin hannunta ya fara bubbuga bayansa a hankali, gunguni ya fara fitowa babu kalmomi, can sai kalmomin su biyo baya. A nan ake so wayar ta riga ta kasance a kunne, da saninta da yardarta.

Haka 'yan gaɗa, ba a zaunar da su a benci a ce su faɗi waƙa. A bar su su yi da'ira su tafa, mai ba da waƙa ta bayar, sauran su amsa. Bayan an gama ana iya roƙon a maimaita kalmomin a hankali don taimakon mai rubutu, amma a ajiye wannan daban a rubuta a kansa cewa faɗi ne. Yana da kyau a sake komawa wata rana a sake ɗaukar waƙar a bakin wanda ya rera ta da farko, domin abin da bai canja ba tsakanin zama biyu shi ne gindin waƙar, abin da ya canja kuma shi ne wurin da mai rerawa take da 'yancin yin nata.

Da Daidaitacciyar Hausa za a rubuta, ko da karin harshen mai rerawa?

A nan muna raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Ƙa'idojin rubutu, wato raba kalmomi da haɗa su da manyan baƙaƙe da alamomin tsayawa, muna bin daidaitattun da aka sani, waɗanda suka faro tun daga ƙa'idojin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, Hukumar Hausa da aka kafa a 1955 ta ci gaba da gyara su, aka kuma sake zama a kansu a Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Amma siffar kalma ta mai rerawa ce, ba mu da ikon taɓa ta. Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne bisa karin Kano, a bakin tsofaffi da dama na ƙasar Katsina kuwa za a ji hwaɗa maimakon faɗa, zamna maimakon zauna, amre maimakon aure, ɗiya maimakon 'ya, sunka da munka da anka maimakon suka da muka da aka, yac ce maimakon ya ce.

Wannan ba batun kishin gari ba ne kawai, batun kari ne. Ɗiya gaɓa biyu ce, 'ya gaɓa ɗaya, don haka wanda ya musanya su ya cire wa layin taku guda, kuma duk wanda ya yi ƙoƙarin rera shi da tafi zai ji ya yi tuntuɓe. Gaɓar farko ta sunka mai nauyi ce, ta suka kuwa marar nauyi, kuma waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya. Malamin da ya saba jan layi da jan biro a ƙarƙashin irin waɗannan kalmomi a littafin ɗalibi sai ya riƙe hannunsa a nan. Ga mai karatun da bai san karin ba, ana ba shi daidaitacciyar siffar a bayanin ƙasa.

Akwai kuma kishiyar wannan kuskure, wadda ba a cika lura da ita ba. Wasu idan suka ji an ce a kiyaye Katsinanci ko Dauranci sai su riƙa cusa shi inda ba a faɗa ba, don waƙar ta yi kama da tsohuwa. Yarinyar unguwar Rafin Daɗi a birnin Katsina da ta ce suka, a rubuta mata suka.

Yaya za a yi da karin sauti da tsawon wasali, tunda rubutunmu ba ya nuna su?

Ba ma sa alamomin a cikin waƙar gaba ɗaya, domin za su hana uwa da malamin firamare karanta ta cikin sauƙi, kuma su aka yi kundin dominsu. Inda rashin alamar zai kawo ruɗani kawai muke yin bayani, kamar a waƙar daka da aka ambaci gari, inda mai karatu zai so ya san na tuwo ake nufi ko na zama. A tuna kuma cewa rerawa tana jan wasalin da gajere ne a magana, don haka ba kowane ja ne ake ninka harafi dominsa ba. Baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma 'y, wajibi ne a sa su tun a rubutun farko, domin wanda zai buga a kwamfuta daga baya ba zai san kalmar da bai taɓa ji ba mai ƙugiya ce ko a'a.

Kalmomin da ba su da ma'ana fa, ko waɗanda ba a ji sosai ba?

Irin su ayye da yaraye da nanaye kayan waƙar ne, da su ake cike kari, kuma ana rubuta su duk inda suka zo. Masu wuyar su ne kalmomin da suka yi kama da Hausa amma babu wanda ya san su. A fara tambayar mai rerawa, kuma sau da yawa za ta ce, “Haka muka taras ana faɗi.” A rubuta wannan amsar ma. Daga nan a duba ƙamusun Bargery na 1934, wanda ya adana kalmomi masu yawa da suka fita daga bakin mutane tare da nuna yankin da ake faɗinsu, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. A tambayi mai jin Fillanci da mai jin Buzanci da Barbarci, a kuma tambayi malamin allo, domin wata kalmar Larabci ce da bakin yara ya murɗe. Idan duk ba a gano ba, a bar ta yadda aka ji ta. Babban haɗari shi ne mai rubutu ya musanya ta da kalmar da ya sani mai kama da ita, saboda daga ranar ta ɓace ke nan, kuma wataƙila ita ce mafi tsufan abin da ke cikin waƙar. Wurin da kukan yaro ko tafi ya danne murya ana sa ɗige-ɗige cikin baka, ba a cikewa da zato.

Yaya ake tsara layuka da amshi a kan takarda?

Layi yana ƙarewa inda mai rerawa ta ja numfashi ko inda 'yan amshi suka karɓa, ba inda jimlar nahawu ta ƙare ba. A rubuta wa ke bayarwa, wa ke amsawa. Amshi a rubuta shi cikakke a karon farko, a kuma sake rubuta shi duk inda ya canja ko da da kalma ɗaya ce. A gefe a faɗi abin da jiki yake yi, ko tafi ne, ko tsalle, ko faɗawa hannun ƙawaye, ko jijjiga goyo, domin waƙar wasa idan aka raba ta da wasanta mai karatu na gaba ba zai san abin da zai yi da ita ba.

Idan ruwaya tana da batsa, ko zambo ga wata ƙabila ko sana'a, ko ambaton iskoki da bauta, a cire?

Wajen ɗauka da rubutawa ba a cire komai. Wajen bugawa ne ake zaɓe, kuma muna da matakai biyu, wato cikakken kundi na masu nazari da ƙaramin littafi na yara. Layin da bai dace da aji ba ba ya shiga na yaran, amma ana nuna cewa an tsallake wani abu, ba a maye gurbinsa da wani layi da aka ƙirƙira. Game da zambo, a bambanta wasan barkwanci da cin mutunci. Tsokanar da ke tsakanin Katsinawa da Nufawa, ko Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, abu ne da ɓangarorin biyu suka sani suke kuma ramawa, sai dai a yi bayaninsa don baƙon al'adar. Layin da ke aibata makaho ko kuturu ko gurgu ba ma so a koya wa yaro shi a makaranta, ko da yake muna adana shi. Ambaton bayi da hari da sunayen iskoki kuwa shaida ce ta zamanin da waƙar ta ratso, kuma mai tattarawa ba ya zama mai yarda da abu don ya rubuta cewa an faɗe shi.

Idan aka gane ruwayar daga littafi ko rediyo aka koye ta, a jefar?

A'a, a karɓa a rubuta inda aka koya. Littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, waɗanda suka fito a farkon shekarun 1970, sun yi babban aiki wajen adana wannan fanni, kuma da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya ya zo a 1976 yara masu ɗimbin yawa sun haɗu da irin waɗannan waƙoƙi a aji. Alamar ruwayar makaranta ita ce a ji yara a garuruwa masu nisa da juna suna faɗin kalmomi iri ɗaya babu bambancin ko harafi, cikin Daidaitacciyar Hausa tsantsa. Ba ma sa ta a gaba idan akwai ta gida.

Tsofaffin tarin da Turawa suka buga, irin na Frank Edgar tsakanin 1911 da 1913 da na R. S. Rattray na 1913, suna da amfani wajen gwada waƙoƙin cikin tatsuniya. Amma a san cewa malamai maza ne suka rubuta mafi yawansu da ajami kafin a juya su zuwa boko, don haka abin da ake rerawa a tsakar gida da ɗakin mai jego kaɗan ne ya kai gare su.

Ana karɓar abin da aka rubuto da ajami?

Ana karɓa da murna. A kawo takardar yadda take, mu ɗauki hotonta, a juya ta zuwa boko a gaban wanda ya rubuta yana karantawa da baki, a ajiye biyun tare.

Za a sa sunan wadda ta rera, kuma wa ke da haƙƙin waƙar?

A tambaye ta tun kafin a kunna waya, a ɗauki amsarta a cikin muryar. Mata da yawa ba su so sunansu ya fito a littafi, wasu mazajensu ne ba su so, kuma wannan haƙƙinsu ne. A irin haka ana rubuta unguwa ko gari da kimanin shekaru da garin da ta tashi, sunan kuma ya zauna a takardar ajiya da ba a bugawa. Yara kuwa ba a ɗaukar muryarsu sai da izinin iyaye, ba a kuma buga sunansu ko hotonsu. Waƙar kanta ba ta mai tattarawa ba ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba kayan gargajiya irin waɗannan kariya, ta kuma ɗora wa hukumar kula da haƙƙin mallaka ta ƙasa alhakin ba da izinin amfani da su don kasuwanci, saboda haka wanda yake shirin sayar da muryoyin ko sa su a talla ya nemi shawarar masanin doka tukuna. Ɗan goro ko sabulu da ake kai wa tsohuwa alheri ne na ziyara, kada a ɗauke shi kuɗin sayen waƙa.

Bayan an rubuta, a goge muryar don a samu wuri a waya?

Kada a goge. Rubutu ba ya ɗaukar rauji, wato sautin rerawa, kuma idan gardama ta tashi kan kalma muryar ce za a koma wa. A kwafe ta zuwa wurare biyu aƙalla a ranar da aka ɗauke ta, kuma a turo ta a matsayin fayil ba saƙon murya ba, domin manhajoji irin su WhatsApp suna rage ingancin sauti. Sunan fayil ya ƙunshi gari da kwanan wata da lamba, lambar nan kuma ita za a rubuta a saman takardar da aka kwafi waƙar, tare da sunan wanda ya ɗauka da wanda ya rubuta idan ba mutum ɗaya ba ne. A tura wa iyalin mai rerawar kwafi ta wayar ɗa ko jika, idan kuma an buga kundin a kai musu shafin da waƙarta take, a karanta mata da baki ta ji ko akwai inda za ta ce ba haka ta faɗa ba, a shigar da gyaranta a bugu na gaba.